"Saba ta faɗi": Yadda wa'adin Abuja ke haifar da turmutsutsu a shagunan intanet na Gombe

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin shagunan intanet da ke Tudun Wada, kusa da Jami'ar Jihar Gombe, ko waɗanda ke Jekadafari da Pantami, a ranar da wata hukumar tarayya ta buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, ya san yadda yinin ke kasancewa. Tun da sanyin safiya matasa ke cika benci, kowa riƙe da takardun makaranta a cikin leda. Mai shago ya tayar da janareto, ya buɗe shafin a kwamfuta uku ko huɗu, ya danna, ya jira, ya sake dannawa. Kafin azahar an fara jin maganar da kowa ya haddace: saba ta faɗi. Wasu su watse, wasu su ce sai sun dawo da tsakar dare.

Irin wannan aka gani a faɗin ƙasa a watan Yulin 2025, lokacin da hukumar da ke kula da ɗaukar ma'aikata a rundunar Sibil Difens da hukumomin gidajen gyaran hali da kashe gobara da shige da fice ta buɗe shafinta. An buɗe shi ranar 14 ga wata bayan an ɗage ranar tun da farko, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da shi domin gyara, sannan aka sake buɗewa ranar 21. Guraben aikin kimanin 30,000 ne. Waɗanda suka nema kafin a rufe sun kusa miliyan biyu.

Idan haka ta faru, bayani biyu ake ji. Jami'ai a Abuja su ce jama'a ne suka yi wa shafin rubdugu saboda rashin haƙuri. Jama'a a Gombe su ce an ci kuɗin kwangila an sayo ruɓaɓɓun kaya. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, amma akwai abin da dukansu ke tsallakewa. Yadda mutane ke amfani da shafi wani ɓangare ne na nauyin da na'ura ke ɗauka, daidai da yawansu, kuma wannan ɗabi'a galibi a ofis ake ƙera ta, ranar da aka zauna aka rubuta sanarwa aka yanke wa'adi. Da yawa daga cikin masu karanta wannan sharhi su ne ke tsara irin waɗannan sanarwoyi, ko su kai wa mai gida ya sa hannu, don haka maganar ta shafe su kai tsaye.

Layin da ba a gani

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ke zaune a wata cibiyar adana bayanai tana amsa buƙatun da wayoyi da kwamfutocin jama'a ke aiko mata. Buɗe shafi buƙata ce, ɗora hoto buƙata ce, danna maɓallin aikawa ma haka. Kowace buƙata tana cin ɗan lokaci da ɗan wuri a ƙwaƙwalwar na'urar, kuma yawanci sai sabar ta juya ta tambayi rumbun bayanai, ko ma ta tambayi sabar wata hukuma dabam, kafin ta ba da amsa. Abin da za ta iya yi a daƙiƙa guda yana da iyaka, kuma duk abin da ya haura iyakar layi yake shiga.

Lissafin layi tsohon ilimi ne. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark, Agner Erlang, shi ya aza harsashinsa a 1909 lokacin da yake aiki da kamfanin tarho na birnin Copenhagen, yana neman sanin layukan waya nawa za su ishi gari. Abin da wannan ilimi ya nuna shi ne jira ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar jama'a. A mafi sauƙin lissafin, idan na'ura tana aiki da rabin ƙarfinta, buƙata kan ɗauki ninki biyu na lokacin da za ta ɗauka in babu kowa a gabanta. Idan aikin ya kai kashi 90 cikin 100 na ƙarfin, sai ya zama ninki goma. A kashi 99 kuwa ninki ɗari ne. Shi ya sa shafin da ke gudu lafiya lau da ƙarfe tara na safe zai iya sandarewa da ƙarfe goma, alhali waɗanda suka ƙaru a tsakani ba su taka kara sun karya ba.

Saboda haka lokacin zuwan mutane ya fi adadinsu tasiri. A ɗauka mutum miliyan biyu ne za su cike fom cikin mako uku. Idan suka rarrabu daidai a kan sa'o'in dare da rana, abin da zai riƙa isowa kimanin mutum 66 ne a minti ɗaya, aikin da matsakaiciyar na'ura za ta yi ba tare da ta yi gumi ba. Idan kuwa rabinsu suka taso a awa ukun farko, za a samu sama da mutum 5,500 a minti, wato ninki fiye da 80, kuma fom ɗin shi ne dai, mutanen ma su ne.

Sai kuma abin da mutum ke yi idan shafi ya ƙi buɗewa. Mazauna Gombe sun san layin ruwa. A bakin famfon burtsatse kowa na ganin jarkokin da ke gabansa, ya san matsayinsa, ya ajiye tasa ya koma inuwa. A intanet ba wanda ke ganin layin. Abin da mutum ke gani kawai shi ne 'yar da'irar nan da ke juyawa a fuskar waya, don haka bayan daƙiƙa goma sai ya sake dannawa. Duk dannawa sabuwar jarka ce ya jefa a layi, kuma sau da yawa sabar tana ci gaba da cika tsohuwar jarkar da mai ita ya riga ya bari. In mutum dubu 100 kowa ya danna sau biyar, buƙatu dubu 500 na'urar za ta gani, huɗu cikin biyar aikin banza. Jinkiri ya jawo sake dannawa, sake dannawa ya ƙara jinkiri, har a kai inda sabar ke aiki iya ƙarfinta amma ba mai samun amsa. Ko an kashe ta an kunna, taron da ke jira a ƙofa zai sake danne ta nan take.

A kan wannan sai a ƙara mai shagon da ya buɗe shafi ɗaya a tagogi goma, da wanda ya ɗora hoton takardar shaida mai nauyi kai tsaye daga kyamarar waya, da mai rauni a sabis wanda wayarsa ke riƙe da ƙofar sabar na tsawon minti tana ɗora abin da ya kamata ya ɗauki daƙiƙa biyu. Manyan kamfanonin duniya ma ba su tsira ba. A Nuwambar 2022 shafin kamfanin Ticketmaster na Amurka ya durƙushe a ranar fara sayar da tikitin wasan mawaƙiya Taylor Swift, kamfanin ya ce ya karɓi buƙatu biliyan 3.5, ninki huɗu na mafi yawan da ya taɓa gani, ciki har da na manhajojin da ake sakawa su yi ta dannawa da kansu.

Dalilin mai danna maɓalli

Abu ne mai sauƙi wanda ke zaune a Sakatariyar Tarayya a Abuja ya ce a yi haƙuri a dawo gobe. Ga matashin da ya taso daga Nafada ko Dukku ko Talasse, gobe tana da farashi. Ya biya kuɗin mota zuwa Gombe, kuɗin da ya ninka tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023. Ya biya mai shago. In da wayarsa yake yi, datarsa ce ke ƙonewa a duk lokacin da shafi ya buɗe rabi ya tsaya, ga shi a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Mai shagon kansa yana lissafin man da janareto ke sha, don haka ba zai bar kwamfuta ta zauna tana jiran amsa ɗaya ba. Wanda ke cikin wannan hali in ya danna sau ashirin, lissafin aljihunsa yake bi.

Ga kuma rashin tabbas. Sanarwar ɗaukar aiki ba kasafai take faɗa wa mai nema ƙarara cewa wanda ya cike fom a rana ta goma sha biyar daidai yake da na ranar farko ba. Inda hukuma ta yi shiru, WhatsApp ke magana: an ce da zarar kason jiha ya cika za a rufe, an ce na farko ake ɗauka. Wanda ya ji haka ba zai jira ba. Wanda kuma ya taɓa ganin an rufe shafi ba zato, to shi ne wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ya kamata a tuna daga inda aka fito. Ranar 15 ga Maris 2014 aka tara masu neman aiki a Hukumar Shige da Fice a filayen wasa a faɗin ƙasa, aka yi turmutsutsu a Abuja da wasu garuruwa, fiye da mutum 15 suka rasu. Mayar da neman aiki intanet ya kawar da irin wannan asarar rayuka, kuma ci gaba ne da ba a raina shi. Sai dai tsarin da ya haifar da turmutsutsun, wato a kira ɗimbin jama'a ƙofa ɗaya a sa'a ɗaya, shi aka ɗauko aka kai intanet ba tare da an taɓa shi ba.

Darasin lambar NIN

Babu misalin da ya fi nuna yadda wa'adi ke ƙera ɗabi'a kamar haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, aikin da aka faro a ƙarƙashin ɗan asalin Gombe, Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Ibrahim Pantami. Ranar 15 ga Disambar 2020 aka sanar da cewa an bai wa masu layuka mako biyu su haɗa su da NIN ko a rufe su. A lokacin layukan waya a Najeriya sun kai kimanin miliyan 200, waɗanda ke da lambar kuwa ba su kai miliyan 50 ba. Jama'a suka yi tururuwa ofisoshin hukumar NIMC ana tsakiyar annobar korona, har a farkon Janairun 2021 ma'aikatan hukumar suka shiga yajin aiki, suna kuka da haɗarin kamuwa da cuta da rashin kayan aiki.

Abin da ya biyo baya shi ne ƙarin wa'adi a kai a kai: daga Disamba zuwa Janairu da Fabrairu, zuwa Afrilu, zuwa Mayu, haka dai har ƙarshen Maris 2022. Sai ranar 4 ga Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 kira. Nan da nan ofisoshin kamfanonin waya suka sake cika. An maimaita hakan a ƙarshen Yulin 2024, lokacin da aka toshe layuka masu yawa, fusatattun mutane suka yi dafifi a ofisoshin kamfanonin, NCC ta ba da umarnin a buɗe su, daga baya aka tsayar da 14 ga Satumba a matsayin ranar ƙarshe.

Adalci ne a ce manufar ta cimma abu mai yawa, domin zuwa 2023 masu lambar NIN sun haura miliyan 100. Amma jama'a sun fita da darasi biyu masu karo da juna, kuma dukansu suna cutar da na'ura. Gajeren wa'adin farko ya koya musu rugawa gaba ɗaya. Yawan ɗagewa ya koya musu cewa wa'adin gwamnati ba ya cizo, don haka a zauna sai an ji an toshe layi, sannan a sake rugawa gaba ɗaya. Tsakanin guguwa da guguwa na'urori da ma'aikata suna zaune da sauƙin aiki. An ga makamancin haka a rajistar masu zaɓe da INEC ta buɗe a ƙarshen Yunin 2021: sama da shekara ana yi, amma dogayen layuka sai a makonnin ƙarshe kafin rufewa ranar 31 ga Yulin 2022.

Akwai wani abin da NIN ta ƙaro. Tun da aka ɗaura rajistar layi da fasfo da jarabawar JAMB da hidimomin banki a kanta, sabar NIMC ta zama mashigar da kowa ke bi. A Fabrairun 2022, da hidimar tantance lambar ta tsaya na kwanaki, aikin fasfo da na sayar da layi suka tsaya tare da ita. Hukumar da ta buɗe shafin ɗaukar aiki mai neman NIN, ta sani ko ba ta sani ba, ta aika taronta ƙofar wata hukuma ne.

Lokacin da kuɗi ya shiga layi

Ranar 26 ga Oktobar 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara kwana goma. Sababbin takardun ba su wadatu ba. Cikin 'yan makonni miliyoyin mutanen da ba su taɓa sayen tumatir da taransifa ba suka koma kan manhajojin bankuna da lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya. A gari irin Gombe, inda cinikin kasuwar Tudun Hatsi da na kasuwannin ƙauye ya dogara da kuɗi a hannu, sauyin ya zo wa mutane a tsaye.

A nan sake dannawa ya fi tsada. Mai saye ya tura kuɗi, an cire a asusunsa, mai sayarwa bai ga alat ba. Mai saye ya duba asusu sau uku, mai sayarwa ya duba nasa sau biyar, a ƙarshe a sake turawa ta wani banki. Ciniki ɗaya ya zama buƙatu goma sha wani abu a kan na'urorin bankuna biyu ko uku da na kamfanin NIBSS da ke tsakaninsu. Ba a fara samun sauƙi ba sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris 2023 da ya dawo da tsofaffin takardun.

Amma wannan lokaci ya nuna wani abu da ya kamata masu ɗora laifi a kan jama'a su tsaya su duba. A waɗannan makonni ne kamfanoni irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka samu karɓuwa a wurin 'yan kasuwa, saboda kuɗin da aka tura ta hanyarsu ya fi saurin isa. Mutanen su ne dai, garajensu bai ragu ba. Abin da ya bambanta shi ne an gina waɗannan manhajoji da sanin cewa haka mutane ke yi, kuma wanda ya ga amsa cikin daƙiƙa uku ba shi da dalilin sake dannawa.

Inda jama'a ba su da hannu

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kalmar cunkoso ta zama mafakar da ake gudu cikinta ko da matsalar daga cikin gida take. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafin IReV a kan lokaci. Bayanin farko na INEC ya danganta abin da wahalar faɗaɗa shafin daga zaɓukan jihohi zuwa na ƙasa baki ɗaya. Rahoton da hukumar ta fitar bayan shekara guda ya nuna kuskure ne a yadda aka saita manhajar, wadda ta kasa gane inda za ta ajiye sakamakon shugaban ƙasa. A jarabawar JAMB ta 2025, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ranar 14 ga Mayu ya amsa cewa gyaran da ba a kammala sakawa a wasu sabobi ba ya lalata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarabawa. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, hidimar bankuna da ta kamfanonin waya ta tangaɗa a Najeriya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da garajen mai amfani ya jawo.

Amurka ma ta ɗanɗana. Da aka buɗe shafin inshorar lafiya na gwamnatin Obama ranar 1 ga Oktobar 2013, mutum shida kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Da farko jami'ai sun ce yawan jama'a ne. Bincike ya nuna cewa, ban da sauran kurakurai, an tsara shafin ta yadda ba wanda zai ga farashi sai ya buɗe asusu, don haka mai son leƙawa kawai da mai son saye duk aka tura su ƙaramar ƙofa ɗaya.

Illar fakewa da cunkoso ita ce tana komawa cikin ɗabi'ar jama'a. Duk lokacin da shafi ya faɗi aka yi shiru, ko aka ba da bayanin da daga baya ya warware, mutane na ƙara yarda cewa dabara ita ce a riga kowa, a buɗe ta waya biyu, a cike fom sau biyu ko da ɗaya zai ɓace. Shafi na gaba da za a buɗe, ko da na wata hukuma ce dabam, shi zai biya wannan bashi.

Mu ma muna cikin layin

Ma'aikacin tarayya ba baƙo ba ne a wannan layi. Tun da aka fara tsarin albashi na IPPIS a 2007, aka tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, rayuwar aiki ta koma kan shafuka. Kowa ya san yadda takardar umarnin tantance ma'aikata ke tafiya: ta fito daga Abuja da wa'adin kwana bakwai, ta kwana biyu a teburin babban sakatare, ta kwana biyu a hanya, ta iso wa ma'aikacin da ke Gombe saura kwana biyu, da gargaɗin cewa wanda bai yi ba za a dakatar da albashinsa. Dubban mutane a jihohi 36 sai su hau shafi ɗaya a yini ɗaya. Haka ma a watan Disamba, lokacin da ma'aikatu ke rige-rigen kammala biyan kuɗi kafin a rufe littafin shekara. Jami'in da ke ƙorafin rashin haƙurin masu neman aiki, shi ma in albashinsa ne a kan layi yakan danna sau ashirin.

Abin da alƙalami zai iya gyarawa

Wasu gyare-gyaren na injiniyoyi ne: a gwada shafi da nauyin da ya ninka wanda ake tsammani kafin a buɗe, a yi hayar ƙarin ƙarfin na'ura na 'yan kwanakin da ake buƙata maimakon sayen kayan da za su zauna shekara ba aiki, a rage nauyin shafi domin mai ƙaramar waya da raunin sabis. Kayan aikin ba su gagara ba. Gwamnati na da kamfanin Galaxy Backbone tun 2006, da cibiyoyin adana bayanai a Abuja da Kano, kuma NITDA ta fitar da manufar amfani da na'urorin haya ta intanet tun 2019. Amma mafi arhar gyare-gyaren a hannun mai rubuta sanarwa suke.

Na farko, a rarraba ranaku. A ce jihohin Arewa maso Gabas Litinin da Talata, ko a bi lambar ƙarshe ta NIN, sannan a bar makon ƙarshe ga duk wanda ya rasa ranarsa. Hukumar fansho ta gwamnatin Amurka tun 1997 take biyan sababbin masu karɓa a ranakun Laraba uku dabam-dabam gwargwadon ranar haihuwar mutum a wata. A gida ma JAMB tana raba ɗalibai a kan kwanaki da sa'o'i, tana kuma aika sakamako ta saƙon waya, abin da ke ɗauke wa shafinta nauyi mai yawa.

Na biyu, a faɗa a layin farko na sanarwa, da Hausa da Fulatanci da sauran harsuna a gidajen rediyo, cewa riga cike fom ba ya ƙara wa kowa maki, kuma ba za a rufe kafin ranar da aka ambata ba. Sannan a cika alkawarin.

Na uku, a nuna wa mutum layin. Shafin da ya ce kai ne na 4,000, ka jira minti 12, kada ka rufe, ya mayar da mai amfani bakin famfon da yake ganin jarkoki. Wanda ya aika fom kuma ya samu lambar shaida nan take ta saƙon waya, domin rashin wannan shaida ne ke sa a aika sau biyu. Abin da mutum ya riga ya cike a ajiye masa, kada yankewar sabis ta mayar da shi farko.

Na huɗu, kada a yanke wa'adi sai an tambayi masu kula da na'ura mutum nawa za ta iya ɗauka a awa, an raba adadin jama'a da wannan lamba. Wa'adin da aka yanke da lissafi ba ya buƙatar ɗagewa sau bakwai. In kuma fom na neman NIN ko biyan kuɗi ta Remita, a sanar da waɗancan tun da wuri.

Na biyar, in shafi ya faɗi a faɗi gaskiya cikin awa guda, a ambaci lokacin dawowa, a ƙara wa'adi daidai da sa'o'in da aka rasa. Ofisoshin SERVICOM, da aka kafa tun 2004 domin sa ido a kan ingancin hidimar gwamnati, su ne ya dace su riƙa neman alƙaluman awa nawa shafin kowace hukuma ya yi a kwance cikin wata, su wallafa.

Mai amfani ma yana da nasa: ya rage nauyin hotuna kafin ya fara, ya buɗe taga ɗaya, in shafi ya ƙi ya ba shi minti biyar, in ya sake ƙi ya ba shi goma. Sai dai wannan nasiha ba ta kama wanda ba a ba shi tabbacin cewa jiran ba zai cuce shi ba.

Lokaci bai bar sarari mai yawa ba. Sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 za su ƙara tura mutane da 'yan kasuwa shafukan hukumar haraji. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya yana matsa wa ma'aikatu su bar takarda su koma kwamfuta. Ana shirin mayar da jarabawar WAEC da NECO kan kwamfuta, ga zaɓen 2027 na tafe da rajistarsa da shafin sakamakonsa. Kowanne daga cikinsu zai zo da sanarwa mai ɗauke da rana da sa'a. Hadimin da aka miƙa wa daftarin ya duba, kafin ya gyara waƙafi da aya, ya dace ya tambayi mutum nawa wannan jimla za ta tayar daga Nafada da Dukku da asuba, da kuma ko an shirya musu ƙofar da za ta ɗauke su.